Hawan Jinin Huhu: Kason Majinyaci A Cikin Maganinsa



Shugaban wannan zama, iyayena maza da mata, abokan aiki likitoci da ma'aikatan jinya da masu haɗa magani, sannan ku da aka shirya taron dominku, wato masu fama da wannan ciwo da masu ɗawainiya da su, ina yi muku barka da zuwa. Duk wanda zama ya gajiyar da shi ya tashi ya miƙe ƙafa ko ya fita ya sha iska, ba sai ya nemi izini ba.

Abin da aka ɗora mini shi ne in yi bayani kan aikin da ke wuyan majinyaci wajen fara maganin hawan jinin huhu, da kuma ɗorewa a kansa. Zan fara da ciwon kansa a taƙaice, domin mutum ba ya riƙe magani da gaske sai ya san abin da yake yaƙa.

Zuciya ɓangare biyu ce. Na hagu shi ke tura jini zuwa ga jiki baki ɗaya, daga ƙwaƙwalwa har yatsan ƙafa, kuma ƙarfin wannan turin ne ake aunawa da abin nan da ake ɗaura wa mutum a dantse. Idan ya yi sama, shi ne hawan jinin da kowa ya sani. Na dama kuwa tafiyarsa gajera ce, jini kawai yake kaiwa huhu ya ɗauko iska. Allah bai yi shi don aikin ƙarfi ba, bangonsa siriri ne, matsin jinin da ke hanyoyin huhun mai lafiya bai wuce 14 ko kusa da haka ba. Idan ya haura 20 alhali mutum yana kwance yana hutawa, to an shiga hawan jinin huhu. Wannan ita ce iyakar da ƙungiyoyin likitocin zuciya da na huhu na Turai suka tsayar a shekarar 2022. Kafin nan 25 ake ɗauka. Ma'aunin dantse ba ya ganin wannan ko kaɗan. Za a iya auna ka a kemis a ce jininka lafiya lau, alhali ɓangaren dama yana can yana wahala.

Wanda ya taɓa noman rani ya san abin da ke faruwa idan tiyo ya tsuke ko laka ta toshe shi: injin ya riƙa gurnani, ya yi zafi, ruwan da ke isa ga shuka ya ragu, in ba a kula ba injin ya ƙone. Haka ɓangaren dama yake yi. Da farko ya yi kauri don ya jure, daga baya ya saki ya buɗe, jini ya riƙa taruwa a bayansa. Nan ne ƙafa take kumbura, ciki ya cika da ruwa, hanta ta yi nauyi. Kafin a kai nan, abin da mutum ke ji kaɗan ne kuma mai rikitarwa: haki in ya hau bene, gajiya in ta yi shara, jiri in ya ɗaga kai daga sujada, bugun zuciya, wani lokaci suma. Sai a ce asma ce, a ce ƙarancin jini ne, a ce taifot ce ba ta fita ba, wata ma a ce mata son jiki ne. Ko a ƙasashen da suke da kayan aiki, ana yawan ɗaukar kusan shekara biyu daga fara haki zuwa gano sunan ciwon. Saboda haka yawancinku kun iso gare mu ne a gajiye, kun sha magunguna iri-iri, kun kashe kuɗi, yarda da asibiti ta ragu. Mun san da haka, kuma ba ma ganin laifinku.

Aikin majinyaci na farko tambaya ce: likita, wane iri ne nawa?

Ina so a riƙe wannan da kyau, domin a nan ake yin kuskuren da ya fi kowanne tsada. Masana sun kasa ciwon gida biyar bisa ga tushensa. Kashi na farko shi ne wanda hanyoyin jinin huhun ne da kansu suka yi kauri suka tsuke. Wannan yakan zo haka kawai, ko ta gado, ko ta dalilin cutar ƙanjamau, ko hujin zuciya da aka haifi mutum da shi, ko nau'in tsargiyar nan da ke kama hanji da hanta. Akwai wanda ɓangaren hagu ne ya gaza, jini ya koma baya ya cushe huhu. Akwai wanda huhun ne ya lalace, ta sigari, ko hayaƙin itace na shekara da shekaru a madafa, ko tabon da tarin fuka ya bari. Akwai wanda gudan jini ne ya daskare a hanyoyin huhu bai narke ba. Na biyar tarkace ne, kuma a cikinsa aka sa ciwon sikila. Wani bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Kamaru da Mozambik da Afirka ta Kudu, wanda aka buga a 2016, ya nuna fiye da kashi biyu cikin uku na majinyatan da aka gani ciwonsu daga ɓangaren hagu na zuciya ya taso. Wato a nahiyarmu, mafi yawan masu hawan jinin huhu suna buƙatar a gyara tushen ne: a daidaita hawan jini na yau da kullum, a kula da ƙofar zuciyar da zazzaɓin gaɓoɓi ya cinye tun ƙuruciya, a ci gaba da allurar fenisilin ta wata-wata ga wanda aka ɗora a kanta, a kula da zuciyar mai jego da ta raunana.

Magungunan nan masu tsada da ake ji a intanet, masu buɗe hanyoyin jinin huhu, an yi su ne musamman domin kashi na farko. Idan mai ciwon ɓangaren hagu ya sha su, suna iya buɗe ƙofa ruwa ya ƙara cika huhunsa. A Amurka an gwada ɗaya daga cikinsu, sildenafil, ga masu sikila, sai aka tsayar da gwajin a 2009 tun bai ƙare ba, saboda waɗanda ke shan sa sun fi kwanciya asibiti da ciwon ƙashi. Mu da ake haifa mana jarirai kusan 150,000 da sikila kowace shekara a Najeriya, ya kamata wannan labari ya zauna mana a kai. Don haka idan maƙwabcinka ya ce ciwonku ɗaya, ga kwalin maganinsa ka je ka saya, ka yi masa godiya, amma ka kawo kwalin asibiti a duba. Shi kuwa mai daskararren jini, albishirinsa ya fi na kowa, domin nasa ne irin da tiyata ke iya warkarwa gaba ɗaya a cibiyoyin da suka ƙware, kuma dole ne ya zauna a kan maganin tsinka jini har iyakar rayuwa. Wanda bai tambaya ba, ta yaya zai san yana cikinsu?

Amsar wannan tambaya ba ta samuwa sai da gwaje-gwaje, kuma a nan ma akwai kason majinyaci. Hoton zuciya na eko, wanda ake shafa wa mutum mai a ƙirji a ɗora na'ura, hasashe yake bayarwa. Tabbaci sai an zura siririn bututu ta jijiyar wuya ko ta cinya har cikin zuciya an auna matsin kai tsaye. Da an ambaci wannan sai ka ga fuskar dangi ta canza, wani ya ce a bari mu je gida mu yi shawara, shi ke nan ba a sake ganinsu ba sai ciki ya kumbura. Gwajin nan tsoho ne. Wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, a jikinsa ya fara yin sa a 1929, ya zura bututun ta hannunsa, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto, daga baya ya samu kyautar Nobel a 1956 tare da wasu likitoci biyu. Yau ana yin sa mutum yana farke, da allurar kashe zafi a wurin kawai. Asibitocin da ke yin sa a ƙasarmu kaɗan ne, kuɗinsa kuma ba kaɗan ba ne. Amma idan likitanka ya ce ana buƙata kuma da hali, gara a kashe kuɗin a nan da a kwashe shekaru ana sayen maganin da ba naka ba.

To an gano irin ciwon, an rubuta magani. Zan faɗi sunayen kamar yadda suke a jikin kwali, don ku gane su. Kafin nan ga ɗan tarihi, saboda yana da amfani ga zuciyar wanda aka ba wannan labari mai nauyi. A shekarun 1980 aka bi diddigin masu kashi na farko a Amurka, lokacin babu magani, aka ga rabinsu ba sa kaiwa shekara uku bayan gano ciwon. Wannan lissafin har yanzu yana yawo a waya, majinyaci ya karanta da dare ya kasa barci. Lissafin zamanin da ba magani ne. A 1995 aka amince da epoprostenol, a 2001 bosentan ya zo a matsayin ƙwaya ta farko, sildenafil a 2005, sai ambrisentan da tadalafil da macitentan da riociguat suka biyo baya, har zuwa sotatercept a 2024, allurar da ake yi duk mako uku. A 2015 wani babban gwaji ya nuna cewa fara ƙwaya biyu tare, ambrisentan da tadalafil, ya rage haɗarin taɓarɓarewar ciwon da kusan rabi idan aka kwatanta da fara ɗaya. Shi ya sa za ka ga likita ya ba ka biyu tun ranar farko. Yanzu akwai mutane masu yawa da suka yi shekara goma da fiye suna harkokinsu da wannan ciwo. Sai dai babu ko ɗaya cikin ƙwayoyin nan da ke warkarwa. Riƙe ciwon suke yi, kuma muddin ana sha ne suke riƙewa.

Ranar da za a fara magani, ina roƙon kowane majinyaci ya yi wa likita maganar kuɗi ƙiri-ƙiri. Na san al'adarmu. Mutum yana zaune gaban likita, an rubuta masa abin da ya fi ƙarfin albashinsa, ya karɓi takarda da hannu biyu ya ce Allah ya saka da alheri, ya fita. A waje sai ya sayi na kwana goma, ko ya riƙa raba ƙwaya biyu, ko na sau uku ya mayar sau ɗaya don ya kai ƙarshen wata. Ya dawo asibiti ba sauƙi, likita ya ɗauka maganin ne bai karɓe shi ba, ya ƙara wani mafi tsada. Kunya ta jawo asarar wata uku, kuma a wannan ciwo abin da zuciya ta rasa a wata uku ba lallai ne ya dawo ba. Da ka ce, likita, abin da zan iya kowane wata ke nan, da an zauna an duba: akwai irin maganin na wani kamfani mai sauƙin kuɗi, akwai wanda inshorar lafiya ke ɗauka, akwai ofishin jin daɗin marasa lafiya, akwai abin da za a fara da shi a jinkirta wani. Kuma a zo da wanda ke riƙe da aljihun gida. Idan mace ce, maigida ko wa ko uba ya shigo ya ji da kunnensa cewa wannan magani ba na mako biyu ba ne irin na zazzaɓi. Dangi sukan yi karo-karo da zafi a watan farko, a wata na huɗu kowa ya koma harkarsa. Gara a tsara tun farko wa zai ɗauki wane wata.

Akwai wata matsala da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba, ni kuwa zan faɗa. Sildenafil shi ne sinadarin da ke cikin Viagra, tadalafil ma an san shi da wannan aiki. Ku ɗauki matar aure mai shekara talatin, ta miƙa takarda a kemis ɗin unguwa, yaron kanti ya karanta ya ɗaga kai ya dube ta, ya dubi abokinsa. Ko maigida ya tsinci kwalin a cikin jakarta, ya tambayi wani a majalisa mene ne wannan. Akwai matan da suka bar magani saboda wannan kallo kawai, akwai gidajen da aka yi rigima. Maganin yana saki hanyoyin jini ne, kuma hanyoyin jinin huhu suna cikin waɗanda suka fi amsa masa. Har jarirai ana ba su. Awonsa a nan daban ne, yawanci miligiram 20 sau uku a rana. Wajibinmu ne mu likitoci mu yi wannan bayani gaban miji tun kafin a kai ga kemis, ke kuma 'yar'uwa kina da haƙƙin ki ce a kira shi a gaya masa. Haka kuma kada wanda ke kan wannan magani ya kusanci maganin ƙarfin maza na kwalba ko na leda da ake tallarsa a tasha. An sha gano sildenafil a ɓoye cikin irinsu, ba a san adadinsa ba, ya haɗu da naka jini ya faɗi warwas.

Makonnin farko su ne mafi wuya. Ciwon kai, fuska ta yi zafi, hanci ya toshe, ƙwannafi, ciwon baya ga mai shan tadalafil, kumburin ƙafa ga mai shan ambrisentan ko macitentan. Mutum ya ce na zo da haki an ƙara mini ciwon kai. Yawancin waɗannan suna lafawa idan jiki ya saba, sauƙin numfashi kuwa yakan ɗauki makonni kafin a ji shi. Wato wahalar ce ke riga amfanin isowa, kuma a wannan tsakanin ne mutane da yawa ke ajiye kwali. Abin da nake nema a wurinku ɗaya ne: kafin ka daina, ka faɗa. Ka karɓi lambar da za ka kira tun ranar farko. Sau da yawa abin da ake buƙata bai wuce farasitamol ba, ko a sauya lokacin sha, ko a rage awo a sake hawa a hankali. Amma suma, ko gani ya dushe farat ɗaya, ko ido ya yi rawaya, waɗannan ba a jiran ranar asibiti da su.

Haɗari na biyu yana zuwa ne ta inda ba a zato, wato lokacin da sauƙi ya samu. Wata uku, wata shida, mutum ya koma kasuwa, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, kumburi ya saɓe. 'Yan uwa su ce alhamdulillahi ka warke, wannan ƙwaya haka za ka yi ta sha, ai sai ta taɓa maka ƙoda. Shi ma ya duba kuɗin da ke fita ya ce bari in huta. Sauƙin nan da kake ji aikin maganin ne, ciwon yana nan a ƙarƙashi. Epoprostenol, wanda ake ɗura shi ta jijiya dare da rana da ƙaramin famfo, mintoci kaɗan yake yi a jini. Idan famfon ya tsaya, matsin huhu yana iya yin tsalle cikin ɗan lokaci har a rasa rai. Ƙwayoyi ba su kai haka gaggawa ba, amma hanyar ɗaya ce: a daina, ciwon ya dawo, wani lokaci fiye da da, kuma idan aka koma kan maganin ba dole ba ne a sake kaiwa inda aka baro. Shi ya sa ba a jira sai kwali ya ƙare. In ya rage na mako guda ko biyu, a nemi wani, domin magungunan nan sukan yanke a kasuwa, ga yajin aiki, ga hanya. A saya a wuri sananne, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In ka manta sha ɗaya, kada ka haɗa biyu. Mai sau uku ya rarraba su daidai cikin yini, ya ɗaura su da abin da ba ya mantawa, kamar bayan Asuba da bayan Azahar da lokacin kwanciya.

Wannan ya kawo mu ga azumi. Kowace shekara muna ganin waɗanda suka tattara maganin sau uku suka shanye a sahur da buɗa-baki, ko suka bar maganin fitsari mai rage ruwan jiki gaba ɗaya, ko suka sha shi suka yini cikin zafi ba ruwa har jiri ya kayar da su. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, malamanmu suna nan za su yi bayaninsa fiye da ni. Nawa shi ne ka zo tun cikin Sha'aban. Wani za a ce masa kada ya yi, wani mai sauƙin ciwo ana iya duba yiwuwar mayar da shi kan magani na sau ɗaya a rana. Ka ɗauki bayanin likita ka kai wa malam, ya ba ka hukunci a kan gaskiyar halinka. Haka sallah: wanda sujada ke sa shi haki ko jiri ya yi a zaune.

Yanzu maganar da ta fi kowace nauyi a bakina, ina neman afuwar iyayena. Juna biyu. Idan mace ta ɗauki ciki, jinin jikinta yana ƙaruwa da kusan rabi, duk kuma ta wannan tsukakkiyar hanya zai bi. Kwanakin da suka fi haɗari su ne na haihuwa da makon da ke biye, lokacin da gida ya cika da 'yan barka ana ganin an tsallake. Tsofaffin alƙaluma sun nuna ana rasa mace uku zuwa biyar cikin goma masu kashi na farko. A manyan cibiyoyi abin ya ragu yanzu, amma har yau yana cikin ciwukan da likitocin duniya suka haɗu a kan ba mai su shawarar kada ta ɗauki ciki. Ga shi kuma bosentan da ambrisentan da macitentan da riociguat suna nakasa ɗan tayi, har ana gwajin ciki kowane wata ga mai shan su. Bosentan yana kuma rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, don haka mace tana iya sha ba fashi ciki ya shiga. Na san abin da ake nufi idan aka ce wa yarinya mai shekara ashirin da biyar, amarya ko mai ɗa ɗaya, ta dakata da haihuwa. Na san gorin dangin miji, na san tsoron kishiya, na san wadda ta ɓoye ciki wata huɗu ta daina magani a asirce don ta kare abin da ke cikinta. Ba mugunta ta sa ta ba, so ne da tsoro. Maza, wannan kaya ba na mace ita kaɗai ba ne. Miji ne zai tsaya tsakaninta da masu magana, ya raka ta a zaɓa mata hanyar tazara da ta dace da ciwonta da maganinta. Ke kuma in al'ada ta yi jinkiri ko da mako guda ne, ki zo a ranar. Babu wanda zai yi miki faɗa, kuma abin da za a iya yi a mako na shida ya fi na wata na shida yawa nesa ba kusa ba.

Sauran magunguna ma sai an faɗa. Rifampicin na tarin fuka yana cinye ƙarfin sildenafil da bosentan. Wasu magungunan ƙanjamau, masu ritonavir a ciki, suna tara sildenafil a jini fiye da kima. Ƙwayar ciwon ƙirji da ake sawa ƙarƙashin harshe ba ta haɗuwa da sildenafil ko tadalafil sam, haka riociguat. Ibuprofen da diclofenac da ake sha kamar gyaɗa don ciwon jiki suna riƙe ruwa, suna wahalar da ƙoda. Maganin mura mai buɗe hanci yana tsuke hanyoyin jini. Jiƙo da tsimi kuwa, ba na zagin kowa, amma mai shan bosentan ana duba hantarsa kowane wata, mai shan warfarin ana auna tsinkewar jininsa. Idan sakamako ya rikice ba mu san kana shan wani abu ba, za mu cire maka maganin da ke taimakonka bisa kuskure. Ka zuba duk abin da kake sha a leda ɗaya, na asibiti da na gida, ka zo da shi.

A gida, gishiri ne babban abokin gaba, kuma ba na cikin gwangwani kaɗai ba. Dunƙulen miya, kanwa, kilishi, yajin tsire, busasshen kifi mai gishiri, taliyar leda da garin ɗanɗanonta. Uwargida ta ɗebi miyar mara lafiya kafin ta sa dunƙule, ta ƙara masa daddawa marar gishiri da citta da tafarnuwa. Ruwan sha likita zai faɗa maka iyakarsa, sau da yawa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma koko da fura da shayi duk suna cikin lissafi. In da hali a sayi sikeli. Kowace safiya bayan fitsari, kafin karin kumallo, a hau a rubuta a littafi. Ƙarin kilo biyu cikin kwana biyu ko uku ruwa ne, ba ƙiba ba. Wanda ba shi da sikeli ya danna babban yatsa a ƙashin ƙwaurinsa ya ƙirga biyar, ya ga ko rami ya zauna. Ya lura ko takalmi ya matse, ko zani ya daina kaiwa inda yake kaiwa, ko matashin kai ɗaya ya daina isarsa da dare. Wanda ya kira a wannan mataki, sau da yawa ƙarin maganin fitsari na 'yan kwanaki ya wadatar. Wanda ya jira, gado ne da iskar oksijin.

Kada kuma a kwantar da majinyaci a hana shi motsi. Da can haka ake cewa, har wani gwaji da aka yi a Heidelberg ta Jamus a 2006 ya nuna motsa jiki daidai gwargwado, ƙarƙashin kulawa, yana ƙara nisan tafiya da jin daɗin rayuwa. Tafiya a fili da sanyin safiya, gwargwadon yadda za ka iya magana kana tafe. Ɗaukar buhu, jan guga mai nauyi, daka, waɗannan a bar wa wasu.

Idan ranar asibiti ta zo, ko da kana jin garau, ka zo. Za a sa ka tafiyar minti shida a baranda, ma'aikaciyar jinya tana riƙe da agogo, kana kaiwa kana komowa, a auna mita nawa ka ci. Kada ka yi jarumta don ka faranta wa likita, kada kuma in an ce yaya jiki ka tsaya a da sauƙi. Da sauƙi gaisuwa ce, mun karɓa, amma ba a gyara magani da ita. Ka ce, watan jiya ina kaiwa masallacin Juma'a ba tsayawa, yanzu sai na huta sau biyu. Ki ce, da ina wanke kwanuka a tsaye, yanzu sai na zauna. Da irin wannan ne muke gane ko a ƙara magani na uku tun kafin zuciya ta gaji. In kuma damuwa ce ta danne ka, ba barci, ba sha'awar komai, kana jin ka zama nauyi ga iyali, wannan ma a faɗa. Yana da yawa a cikin masu wannan ciwo, yana da magani, kuma yana daga cikin manyan dalilan da ke sa mutum ya saki ƙwayoyinsa.

Saura tafiya da tiyata. Iskar cikin jirgin sama daidai take da ta kan dutse mai tsayin kusan mita 2,400, don haka mai niyyar Hajji ko Umara ya zo a auna shi tun kafin ya biya kuɗin kujera. Wani zai buƙaci oksijin a jirgi, wani keken turawa a ɗawafi, wani a ce ya jinkirta. Wurare masu tsayi fiye da mita 1,500, irin tsaunin Mambila, su ma sai da shawara. Magani a jakar hannu yake tafiya, da rarar kwanaki. Duk wata tiyata da za a sa mutum barci, ko ƙarama ce, haɗarinta ya fi na sauran mutane, saboda haka ba a yin ta sai mai ba da maganin barci ya san da ciwon kuma an tuntuɓi likitan zuciyarka. Kowa ya samu ɗan kati ya rubuta sunan ciwonsa da irinsa, da magungunansa da awonsu, da lambar asibitinsa, ya sa a aljihu ko a jaka, wani a gida ma ya riƙe kwafi, domin ranar da aka kai ka wani asibiti cikin dare ba lallai ne ka iya bayani da bakinka ba.

Shugaba, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.